Hoton Da Ke Cikin Gafaka

"Ran Lahadi in kasuwa ta watse motar za ta tashi," in ji Ma'aruf. "Da ni, ko ba ni."

Lubabatu ba ta ɗago kai ba. Tana zaune bakin tabarma a zauren Gwaggonta Hindatu, ta ja mayafi har goshi, tana murza gefensa da yatsu. Ranar Alhamis ce, an idar da la'asar. Kwana uku ke nan suka rage mata.

Sau biyu magabatan Ma'aruf suna tahowa daga Amarawa neman aurenta. Sau biyu mahaifinta Malam Attahiru yana sa a dama musu fura, ya yi musu addu'a, ya raka su bakin ƙofa bai ce i ba, bai ce a'a ba. Duk wanda ya san Malam ya san wannan a'a ce, an dai naɗe ta cikin girmamawa.

Ba wai Lubabatu yarinya ba ce. Shekararta ashirin da biyu, mijinta na fari ya rasu ko shekara ba su yi ba, ta gama takaba ta dawo gida tana koya wa matan unguwa karatu a bayan makarantar mahaifinta. Bazawara ce, babu mai tilasta mata kowa. Ita ce da bakinta ta ce ba za ta sake fita daga gidan nan ba sai Baba ya sa albarka.

To, matsalar ɗaya ce, sana'ar Ma'aruf. Ɗan tanis ne.

Kai! A Illela ta wancan lokaci, shekara uku da samun mulkin kai, in ka ce ɗan tanis sai an tambaye ka, "Ɗan mi?" Wasa ne na Turawa. Mutum biyu, raga a tsakani, 'yar ƙwallo fara, kowa riƙe da raket, wani abu mai kama da rariya da aka yi wa mariƙi. Ma'aruf a Sakkwato ya tashi, hannun kawunsa mai girki a kulob ɗin Turawa. A can ya koyi ɗaura wa raket igiya, a can hannunsa ya faɗa, har aka ɗauke shi aiki yana koya wa manya. Da Turawa suka fara tattara kayansu, sababbin manyan gwamnati suka gaji kujerun, suka gaji wasan, suka gaje shi.

Albashin nan kuma shi ya cuce shi. Dokar masu wasan ce, duk wanda ya taɓa karɓar lada a kan buga ƙwallo ba ya shiga gasa, ba ya ɗaukar kofi. Sai ga wanda ya fi kowa hannu a lardin yana zaune a benci, waɗanda ya koya wa riƙon raket suna ɗaga kofi yana tafa musu.

Yanzu ga ƙofa ta buɗe. Wani Kwara, Balaraben Labanan ɗan kasuwa a Kano, ya tara 'yan wasan lada irinsa, zai zaga da su Kaduna da Ikko har Ankara ta ƙasar Gana, jama'a su biya a ƙofa su kalla. Tafiyar wata shida ce.

"Ba ni son in tafi hakanan, Luba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ko rana anka sa, sai in tafi da nutsuwa. Amma wata shida, ga Lawwali kullum shina aiko da goro..."

"Goron Lawwali bai taɓa shiga bakina ba."

"Na sani. Amma shina shiga bakin mutanen gidanku."

Ta san gaskiya ya faɗa.

"To ka fasa tafiyar mana," ta ce, hawaye na taruwa mata. "Mi za ka rasa?"

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Tun ina ɗan shekara goma ban san wani abu ba. Ban iya noma ba, ban iya ciniki ba. Ko'ina na shiga ni yaron kuku ne. Amma in na tsaya bayan farin layin nan na jefa ƙwallo sama, wallahi Luba, nan kaɗai nake jin Allah bai yi ni a banza ba."

Ya miƙe don kada ta ga idonsa. Ita kuwa a take wata dabara ta faɗo mata, har ta ji sanyi a ƙirji. Allah sarki, da ta san inda dabarar za ta kai ta, da ta bar ta inda ta gan ta.

Yana fita Gwaggo Hindatu ta yaye labule. Ƙanwar Malam ce, ita ta riƙe Lubabatu tun rasuwar uwarta, kuma kunnenta ba ya barin komai ya wuce.

"Ɗiyata, mi kika rasa ne?" Ta zauna dirshan. "Ga Lawwali ɗan Alhaji Maccido, shanunsu da fatunsu na ƙetare iyaka zuwa Ƙonni kowane mako. Yaro mai kunya, ya ishe ni a hanya sai ya sauka daga keke. Shekara guda shina jiranki bai gaji ba. Ke kuma kin nace ga wanda aikinai gudu bayan ƙwallo, kamar wanda anka saka ma kunama a wando!"

"Gwaggo, Lawwali bai yi mini laifin komi ba. Ba shi zuciyata ke so ba."

"Zuciya! Zuciya ake tuƙawa a tukunya?"

Lubabatu ta kifa kai a cinyar Gwaggo ta fashe da kuka.

"Na yi auren biyayya, Gwaggo, kin sani. Ban yi gardama ba, ban ɗaga ido ba, Allah ya karɓi abinai. Wanga karon ni na gani na ce ina so. Laifi ne?"

Gwaggo ta duƙo. Ta shafa mata baya, ita ma tana sharar ido da gefen zane.

"Ba laifi ba ne. Amma kin san Malam. In bai ga abu da idonai ba, ba ya gamsuwa."

"Gobe zai gani," in ji Lubabatu.

Abin da take taƙama da shi jarida ce. Wata biyu da suka wuce, a bikin tunawa da samun mulkin kai, an yi wasan nishaɗi a Kaduna, Ma'aruf ya kara da wani Bature da aka ɗauko daga ƙasar waje, ya lallasa shi gaban manyan ƙasa. Aka buga hotonsa. Ya aiko mata da shafin, ta ninke shi huɗu, ta adana a wurin da ta fi darajawa a duniya, cikin gafakar fatar da take ajiye littattafan karatunta.

Tunaninta mai sauƙi ne. Baba jita-jita kawai yake ji, wai wasan banza, wai bautar Turawa. In ya ga ɗan Amarawa a jarida, ministoci na tafa masa, ai zai san abin ba na raini ba ne.

Da hantsin Juma'a, ranar da babu karatu, ta yi sallama a ɗakin mahaifinta. Yana kan buzu yana feƙe alƙalami. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ina da abin da nake son ka gani."

"Bismillah."

A gabansa ta kwance gafakar. A gabansa ta ɗaga takardun karatu ta zaro jaridar daga tsakiyarsu, ta warware ta shimfiɗa. Da yake Malam ba ya karanta boko, ita ta karanta masa yadda ɗan Arewa ya ba da mamaki, yadda fili ya ɗauki sowa.

Malam ya sa tabarau. Ya duƙa.

Ga Ma'aruf ya tashi sama, raket a hannu, farar taguwa, farin gajeren wando da bai kai rabin cinya ba.

Malam ya ƙura wa hoton ido. A hankali ya ɗora tafin hannunsa a kan hoton, daga ƙugu zuwa ƙasa, ya kau da kai gefe.

Sai a lokacin Lubabatu ta gani. Innalillahi! Wata biyu tana kallon hoton nan safe da yamma, fuska take kallo, murmushin nan take kallo. Ko sau ɗaya idonta bai gaya mata cewa cinyoyin namiji baligi ne a waje, gaban dubban mutane, an kuma buga a takarda an raba wa duniya.

"Kwana nawa wagga takarda tana wurinki?" Malam ya tambaya.

"Wata... wata biyu, Baba."

"Ina kike ajiye ta?"

Ya ga inda ta fito da ita. So yake ta faɗa da bakinta. Ta dubi gafakar, ta dubi takardun da sunan Allah ke kowane layi.

"Ke," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ke da ke zaunar da matan unguwa kina karanta musu iyakar al'aura, daga cibiya zuwa gwiwa. Ke kinka ɗauki wanga abu kinka cusa tsakanin karatunki."

"Baba, wallahi ban lura ba! Wallahi fuska nake..."

Ta datse maganar, don wannan ma wani abin kunyar ne.

Da Malam ya zage ta, da ya fi mata sauƙi. Sai ta ga ya cire tabarau yana goge ido da hannun riga. Tun da aka binne uwarta ba ta ƙara ganin hawayensa ba.

"Ka yafe mini, Baba. Ka yafe mini don Allah."

"Na yafe. Ba ki yi da gayya ba, so ne ya rufe miki ido, shi ya fi ba ni tsoro." Ya ninke jaridar ya kife ta. "A aika mai, ya taho gobe bayan azahar. Ni da shi, ba magabata. Ke ki zauna bayan asabari ki ji da kunnenki, kada wata rana ki ce Baba ya zalunce ki."

Ranar Asabar Ma'aruf ya zo cikin farar riga da hula, ya tuɓe takalma tun daga waje, ya tsuguna nesa da buzu. Lubabatu na bayan asabarin ƙofar da ta ɓulla cikin gida, Gwaggo Hindatu a gefenta. Ta tsakanin karan tana ganinsu duka biyu.

Bayan gaisuwa Malam ya tura masa jaridar da ɗan yatsa.

"Kai ne wanga?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam." Ma'aruf ya gane nan take. "Na yi kuskure. Amma akwai gyara. Turawan da ma da dogon wando suke bugawa, na ga hotunansu a bangon kulob. Daga yau ba mai ƙara ganin gwiwata, ko da zai rage mini gudu."

Malam ya gyaɗa kai.

"Madalla. Wannan yadi biyu ya isa ya rufe. Saura guda." Ya gyara zama. "An ce mini a kulob ɗinku, in babban mutum ya kira ka ku buga, kai ke faɗuwa. Kana iya cinye shi, amma sai ka bari ya ci. Gaskiya ne?"

Lubabatu ta matso kusa da asabarin. Ba ta taɓa jin wannan ba.

"Gaskiya ne," in ji Ma'aruf. "Ba kullum ba. Amma in babba ya sha kaye gaban abokanai, gobe ba ya dawowa. In ba su dawo ba, babu aiki. Sai ka aika ƙwallo waje da ɗan kaɗan, ka buga tsaki kamar ta kuɓuce maka."

"Shi kuma ya tafi gida shina murna ya ci."

"Hakanan ne."

"To wanga Kwara da zai zaga da ku. Mutane su biya kuɗinsu a ƙofa don su ga wa ya fi wani. Gaskiya za su gani?"

Ma'aruf ya sunkuyar da kai. Wallahi da ya ce i, babu mai ƙaryata shi a Illela. Bai ce ba.

"Ya ce in mutum guda na ci kullum, 'yan kallo za su gaji. Wata rana ni, wata rana wani. Amma bugun na gaskiya ne, Malam, gumin na gaskiya ne. Ƙarshen kawai ake..."

"Ƙarshen kawai ake shiryawa." Malam ya numfasa. "Ɗana, ban ƙi ka don kai ɗan talaka ne ba, ni ma shi ne. Ban ƙi wasa ba, ko dawaki ana tsere da su. Amma abincin da za ka kawo ma ɗiyata, da faɗuwar ƙarya za a saye shi. Wannan wane yadi zai rufe?"

Lubabatu ta kafa ido a tsakanin karan.

Ma'aruf ya ɗago kai, ya dubi asabarin kamar yana ganinta, ya mai da ido ƙasa.

"Na bari," ya ce.

"Mi ka bari?"

"Wasan. Tafiyar da kulob ɗin duka. In zauna nan, ko dako ne in yi a kasuwa. A ba ni Lubabatu."

Gwaggo ta damƙe hannun Lubabatu.

"Magana mai daɗi," in ji Malam. "Amma kai da bakinka ka ce ka iya nuna ka faɗi alhali ba ka faɗi ba. Da mi zan gane yau ba irin ta kulob ba ce? A ɗaura, bayan wata uku ka ɗauki kayanka?"

Maganar ta soki Ma'aruf, har ya runtse ido.

"A kawo Littafin Allah in dafa."

"Ba ni na ce ba."

"Ni na ce."

"Ka san nauyinta? In ka dafa, har ka koma ga Allah ba kai ba wannan abu. Ba wasan lada ba, ba na nishaɗi ba, ko igiya ba za ka ƙara ɗaura ma wani ba. In ka karya, kai da Mai Littafin."

"Na ji. Na ɗauka."

Malam ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "To. Ga buta nan a tsakar gida, yi alwala. In ka dafa, Juma'a mai zuwa ni da kaina zan ɗaura, ba wakili."

Wayyo daɗi! Lubabatu ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ƙirji. Abin da ta yi wata da watanni tana roƙo a sujada, ga shi ya fito daga bakin Baba. Gwaggo Hindatu ma, duk da Lawwalinta, sai ga ta tana raɗa, "Alhamdulillahi, yaron na da zuciya."

Ma'aruf ya fito ta ƙofar gefe, ya tsuguna gindin darbejiya, taku kaɗan daga inda suke. Ya naɗe hannun riga.

Lubabatu ba ta yi niyyar kallo ba, idon ne ya tafi. Damtsensa na dama ya fi na hagu kauri nesa ba kusa ba, tafin duk kanta. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska. Ya zo hannun dama zuwa gwiwar hannu. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ya sake zubawa. Huɗu.

Biyar.

Bai san yana yi ba. Ya ƙura wa hannun ido yana shafa shi a hankali, ruwa na zuba. Haka ta ga ana shafa mamaci ranar da aka yi wa mijinta wanka, kafin a kore ta daga ɗakin.

Murnar ta zube mata gaba ɗaya. Ta san shi. In ya dafa ba zai karya ba, ko zai mutu. Zai ɗauki buhun albasa a kasuwar Illela, ya dawo ya yi mata murmushi, ya ci tuwonta ya gode. Kullum za ta zauna gaban mutumin da ta sa aka yanke wa hannu, shi kuma ba zai taɓa cewa komai ba. In kuwa wata rana zuciya ta rinjaye shi ya karya, to ita ce ta jefa shi tsakaninsa da Ubangijinsa.

Ya idar, ya koma ciki. Malam ya riga ya sauko da Littafin daga kan maratayi, ya kwance, ya ɗora bisa buzu. Ma'aruf ya durƙusa, ya miƙa hannun dama, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

"Kada ka rantse!"

Muryar Lubabatu ta fita kafin ta yi shawara da kowa. Gwaggo ta kai hannu za ta toshe mata baki, ta kauce.

"Kada ka dafa, don girman Allah. Ban yarda ba."

Hannun Ma'aruf ya tsaya a sama.

Malam bai juyo ba. Ya yi magana yana fuskantar gabansa.

"Lubabatu. Kin san ba ni da wani sharaɗi bayan wannan?"

"Na sani, Baba."

"Kin san in ya tashi bai dafa ba, maganar ta mutu a wurina?"

Hawaye na gudu har cikin bakinta.

"Na sani. Kai ka yi gaskiya, Baba, ban ga laifinka ba. Amma ba ni iya karɓar abin da zai biya. Ya fi ƙarfina."

Malam ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To," ya jawo Littafin gabansa, ya shiga naɗe shi a hankali.

"Luba," in ji Ma'aruf. Bai taɓa kiran sunan nan gaban mahaifinta ba. "Luba, ni na yarda. Ki bar ni in dafa."

Ta juya wa asabarin baya.

"Luba, don Allah."

Ta cusa gefen mayafi a baki ta cije da ƙarfi, don ta san in ta bari ko kalma ɗaya ta fito, cewa za ta yi ya dafa.